Ina zan ajiye tantance fom a Django?

Salamu alaikum. Kwana 3 ke nan ina fama da manhajar rajistar ɗalibai da nake haɗa wa wata makaranta a Gombe da Django, tsarin gina manhajojin yanar gizo na Python. Ƙa'idar lambar waya, lambobi 11 masu farawa da 0, a cikin forms.py, fayil ɗin da ake tsara fom, na sa ta, kuma ta burauza komai lafiya. Amma bayanan da manhajar waya ke turowa ba sa bi ta fom ɗin; jiya har na tarar da lamba mai guda 9 zaune a rumbun bayanai.

Na kira full_clean(), mai tantance bayanai, cikin save(), mai adana su a rumbu. Lambar banza ta daina shiga, sai dai yanzu kuskuren 500, wato matsalar sabar, ke fitowa maimakon saƙo a ƙarƙashin gurbin lambar. Kaina ya ɗaure.

Don Allah, ina zan rubuta ƙa'idar sau ɗaya, hanyoyin biyu su bi ta, saƙon kuma ya isa ga mai cike fom?