Yaya furotin ke gane inda zai rufe ƙwayar gado a jikin ɓera?

Ɗalibar Legon, daga Nima:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa ɓerayen Agouti masu gado iri ɗaya kan fito wasu rawaya masu ƙiba, wasu ruwan ƙasa, gwargwadon alamar metil (ɗan ƙaramin sinadari da kan rufe ƙwayar gado, ya hana ta aiki) da ta hau kan DNA ɗinsu. Waterland da Jirtle sun nuna a 2003 cewa ƙara wa uwa folik asid da bitamin B12 da makamantansu yana yawaita wannan alama a jikin 'ya'yanta. Abin da ya shige mini duhu shi ne yadda furotin mai ɗora alamar yake gane wurin, da dalilin da ya sa ba ta gogewa idan ƙwayar halitta ta rabu biyu.

Malamin kimiyya, Maamobi:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Bari in ɗauki tambayarki ta biyu. DNA zare biyu ne, idan aka kwafe shi kowane tsohon zare yana samun sabon aboki. Tsohon zaren yana riƙe da alamarsa, sabon kuwa yana fitowa babu komai. Furotin UHRF1 ne yake gano irin wannan wuri, ya kama shi, sannan ya jawo wani furotin mai suna DNMT1 ya ɗora alamar a kan sabon zaren. A 1992 Li da Bestor da Jaenisch sun lalata ƙwayar gadon DNMT1 a ɓera, 'ya'yan suka mutu tun a ciki. Abin da ya fi burge ni shi ne, ɓeran da aka cire wa UHRF1 ma haka yake mutuwa, alhali DNMT1 ɗinsa yana nan lafiya, ya dai rasa mai yi masa jagora.

Ɗalibin digiri na biyu, Sabon Zango:
Allah ya saka wa Malam. Ƙanwata, game da tambayarki ta farko, ɗora sabuwar alama aikin furotin DNMT3A ne, kuma a cikin ƙwan haihuwa na mace yana dogara da wani furotin, DNMT3L. Shi DNMT3L ba ya iya ɗora metil da kansa. Wutsiyar histon H3 (ɗaya daga cikin furotin da DNA ke naɗe a kansu) yake kamawa inda babu alamar metil a gurbi na 4 na wutsiyar, ya ƙarfafa DNMT3A a wurin. Binciken 2001 ya nuna cewa macen ɓera da ta rasa DNMT3L tana girma lafiya, amma cikinta ba ya kai wa haihuwa, namijin kuma ba ya haihuwa sam.

Ɗalibar Legon:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Ke nan dole in koma kan histon kafin jarrabawa, domin a can ne DNMT3A yake samun adireshinsa.