Ground anchor: anga, tokari ko turke?

1/ Jama'a, musamman injiniyoyinmu da magina, ina neman mu tsayar da kalmar Hausa ga abin da ake kira ground anchor, wato ƙarfen da ke riƙe katangar tare ƙasa kada ta kife. Ni dai na tsaya a kan "turken katanga". Ga dalilina.

2/ Sai mun fahimci aikinsa kafin mu raɗa masa suna. Idan aka yi haƙa mai zurfi, ƙasar da ke bayan katanga tana turo ta gaba. Sai a huda katangar, a haƙa siririn rami a karkace zuwa cikin ƙasar bayanta, galibi digiri 15 zuwa 30, a zura igiyar ƙarfe ko rodi. A ɗura ruwan siminti, amma can ƙarshen ramin ne kaɗai yake riƙe igiyar, ya kama ƙasa ko dutse. Sashen da ke kusa da katanga kuwa a bar shi a sake cikin bututu, domin ya iya miƙewa. Idan simintin ya yi ƙarfi, a ja igiyar da jak, a ɗaure ta a kan farantin ƙarfe a fuskar katangar.

3/ Ke nan aikinsa ja ne daga baya. Shi ya sa ban yarda da "tokari" ba. Tokari daga gaba yake tura bango, yana cinye filin aiki, alhali amfanin wannan ƙarfe shi ne ramin ya zama fayau, motocin haƙa su yi ta zirga-zirga. Da irinsa aka riƙe katangar ramin tsohon ginin World Trade Center a New York, aka kafe su cikin dutse.

4/ "Anga" fa? Kalma ce da muke da ita, amma ta jirgin ruwa ce. Anga jefa ta ake yi. Wannan kuwa kafawa ake yi, a ɗaure tamau.

5/ Turke kuma an kafa shi a ƙasa, an ɗaura igiya, dabba na fizga yana riƙe da ita. Daidai da aikin. Abin da ya fi burge ni, kalmar tana haihuwa: "an turke katangar", "turaku jeri uku", "kan turke" ga farantin da makullinsa, "gindin turke" ga sashen da siminti ya kama. Ko gwajin da ake yi wa kowane ɗaya, inda a ƙa'idar Amurka ake jansa da nauyin da ya haura na lissafi da kusan kashi 33 cikin ɗari, sai mu ce "gwajin turke".

6/ Na san za a ce ai ba katanga kaɗai ake yi wa ba. Gaskiya ne, tun 1934 injiniyan Faransa André Coyne ya ƙarfafa madatsar ruwa ta Cheurfas a Aljeriya da shi. To, a can sai a ce "turken madatsa". Masu aiki da leburori a wurin gini, ku gaya mana: idan kuka ce "a turke ta", za a gane?