Jere ya matso, mai labule ya rikita ni da tambayoyi

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikin ƙanwata ya kusa, labulen falo da na ɗaki ni aka ɗora wa. Na kira mai ɗinki sai tambayoyi yake jero min: ƙarfe ɗaya ko biyu, ailet ko tattara, da shafi ko babu, a sa kwalliyar sama ko a bari. Tagogi uku ne, kowacce faɗinta ƙafa 4, biyu na falo suna kallon yamma, rana na dukansu sosai. Don Allah ku fahimtar da ni kafin in shiga Kantin Kwari, kuma yadi nawa zan yanka?

Ummu Khalil:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Ailet su ne zobban ƙarfe da ake bugawa a saman labulen, ƙarfen ya ratsa ta ciki, labulen ya sauko gwanin sha'awa. Tattara kuwa ɗinke saman ake yi, a rataya shi da ƙugiyoyi. Ƙarfe biyu na nufin labule biyu: shara-shara ta wajen taga, mai kauri ta cikin ɗaki. Da rana amarya ta zuge mai kaurin, haske da iska su shigo, na waje kuma ba ya ganinta. Amma ki gaya mata da daddare in an kunna fitila shara-shara ba ta rufe komai, sai an ja mai kaurin.

Hajiya Mai Ɗinki:
'Yata, kar ki yanki ko taƙi sai an auna, kuma ƙarfen ake aunawa, ba tagar ba. Ƙarfe ya wuce taga da inci 6 kowane gefe, ya ɗara samanta da kamar haka, kin ga ƙafa 4 ta koma 5. Yadi kuma ninki biyu na ƙarfen ake so, wato ƙafa 10, yadi uku da rabi ke nan ga kowace taga har da kalmasa. Wannan lissafi na yadin labule mai faɗin mita 2.8 ne, wanda faɗinsa ke zama tsawon labulen. In ɗan siriri aka ba ki, sai an haɗa falle-falle, lissafin ya canja. Kar ki yarda a ce miki ninki ɗaya da rabi ya isa a ailet, zai fito a miƙe, duk tsadar yadin ba za a gani ba.

Tagogin yamman nan kuwa shafi dole ne. Shi zai sha rana ya koɗe, yadin ya tsira, falon ma ya rage zafi da la'asar.

Anti Balki:
Ni dai kwalliyar saman nan ban ba ki shawara ba. Hunturu na shigowa ƙura za ta cika lanƙwasarta, sauke ta kuma sai da tsani. Ki sayi madauri mai tuntu da kan ƙarfe mai kyau, sun isa ado.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Hajiya, ya taɓa ƙasa ko a ɗage? Na ga na wasu yana jan ƙasa.

Hajiya Mai Ɗinki:
A ɗage shi kamar rabin inci daga tayil. Mai jan ƙasa a hoto yake da kyau, a gidan da ake shara da mofin kullum bakinsa baƙi zai yi. Ki jiƙa yadin ya bushe kafin a yanka in auduga ne, don yana shiga bayan wanki.

Baban Sadik:
Ku ba ni dama in sa baki, aikin kafa ƙarfen nake yi. Mariƙin ƙarfe a bangon bulo sai an huda an sa fisha (robar da ake cusawa a hudar) da sukurori. Masu buga ƙusa kawai, labule mai shafi nauyi gare shi, yaro ya ja sau ɗaya ya taho da filasta. Ki sa a kafa kwana ɗaya kafin 'yan jere su zo, don garin bulon kada ya zuba a kan kujeru.