Innarmu za ta Kanada wankan jego a watan Janairu, me zan zuba mata a akwati?

'Yar Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da ke aure a Montireyal ta kusa haihuwar fari, Innarmu ce za ta je ta zauna mata jego. Biza ta fito, tafiya tsakiyar Janairu. Inna shekarunta 64, iyakarta Ngaundere, kuma ko hunturun Garwa sai mun hura mata gawayi a kasko kafin ta iya barci. Akwati biyu aka yarje mata, kowanne kilo 23. Jiya na shiga layin 'yan gwanjo na ɗauko wata rigar sanyi mai kauri, na tsaya ina jujjuya ta a hannu, zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Ita kuwa Inna har ta cika akwati guda da kanwa, garin kunu, kuka, daddawa, yaji da kilishi na surukinta. Waɗanda suka san ƙasar, don Allah ku ba ni shawara. Tsoro nake ji kar sanyi ya kayar mana da ita.

Ɗan Marwa a Kebek:
Wa alaikumus salam Yaya. Da farko ki cire kilishin nan yau, ku ci abinku a gida. Ba a shiga Kanada da nama daga ƙasashenmu, ƙwacewa za su yi, kuma wanda ya ɓoye yana iya shan tara. Sauran kayan miyan a ƙulle kowanne a leda mai haske, a rubuta sunansa da Faransanci, ta kuma bayyana cewa tana ɗauke da abinci. Su duba, su yanke.

Batun sanyi, a Janairu Montireyal kan kai digiri 10 ƙasa da sifiri, wani daren har 20 ko fiye. Rigar gwanjon ta isa ta fitar da ita daga jirgi, amma babbar riga da takalmin ƙanƙara a bar wa surukinta ya saya a can ya tare ta da su a filin jirgi. Ki aika masa da lambar ƙafarta, ya ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri. Cajar wayarta ma tana buƙatar kan da zai shiga soket ɗinsu, ba irin namu ba ne.

Hajiya daga Njamena:
'Yata, ni na yi wannan tafiya, jegon jikata ya kai ni. Abin da ya wahalar da ni zani ne. Iska na shiga ta ƙasa kamar ana yankan ƙafa da reza. Ki nema mata dogon wando mai kama jiki guda uku da riga irinsa, ta saka a ciki, ta ɗora atamfarta ko abaya a kai, babu wanda zai gani. Sai hular ulu a ƙarƙashin hijabi don kunnuwa, da safar hannu.

Cikin gida da ɗumi, amma iskar ɗakin busasshiya ce, leɓena ya tsage, diddigena ya fashe fiye da na hunturu. Ki cika mata gwangwani da man kaɗanya, a babban akwati, ba jakar hannu ba. Maganinta kuwa, in tana shan na hawan jini, ya zauna a jakar hannu tare da takardar likita, kuma a biya mata inshorar lafiya tun kafin ta tashi, asibitinsu da tsada ga baƙo.

Ki gaya mata rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi. Ni satin farko ina idar da la'asar na ɗan kishingiɗa, sai ga magariba. Kuma kar ta fita ita kaɗai in ƙasa ta daskare, santsi ne da ido ba ya gani, a riƙe mata hannu.

'Yar Garwa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya da ƙanena. Na karanta wa Inna duka. Wandon ne muka daɗe muna ja, sai da ta ji cewa Hajiya ma ta saka sannan ta ce a sayo mata baƙi. Kilishin kuma ta ce a raba wa jikoki. Saura tambaya ɗaya: daga Garwa mu bi jirgin sama zuwa Yawunde, ko mu gangara Ngaundere ta hau jirgin ƙasa na dare? Ina jin tausayin gwiwoyinta.