Me ya sa ake hana masu taya alƙali yanke hukunci yin bincike da kansu?

Abdulƙadir ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana shari'a da ke wannan zaure. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Ostireliya, ana zaɓo mutane daga cikin jama'a, galibi su goma sha biyu, a matsayin masu taya alƙali, su saurari shari'a sannan su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba. Tun ranar farko alƙali yakan ja musu kunne cewa kada su bincika komai a intanet, kada su je inda abin ya faru, kada ma su tattauna batun da iyalansu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan gano gaskiya ake so, me ya sa za a hana wanda aka ɗora wa alhakin hukunci ya nemi ƙarin haske? Lauyan kowane ɓangare abin da zai amfane shi kawai yake kawowa. Idan ɗaya daga cikin mutanen nan ya ga akwai giɓi a bayanin shaidu, ina laifi don ya cike shi da kansa?

Barista Halima ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abdulƙadir. Tambayarka tana da tushe, amma akwai mutum guda da ba ka sanya a lissafi ba, wato wanda ake tuhuma. Duk hujjar da aka gabatar a gaban kotu, lauyansa yana ganinta, yana da damar yi wa mai ba da shaida tambayoyin ƙwaƙƙwafi, yana iya kawo nasa shaidun da za su rushe ta. A Amurka wannan haƙƙi na fuskantar masu ba da shaida a kanka yana rubuce a gyara na 6 na kundin tsarin mulki. Hujjar da mai taya alƙali ya samo a wayarsa da daddare kuwa, babu wanda ya rantse a kanta, babu wanda ya tantance ta, kuma wanda za a ɗaure saboda ita bai ma san da ita ba, balle ya ce ƙarya ce ko kuma wani mai suna irin nasa ake nufi. Wannan shi ne yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Bayan haka, ba duk abin da aka ɓoye wa masu taya alƙali ba ne aka ɓoye da mugun nufi. Sau da yawa alƙali ya riga ya zauna da lauyoyin ɓangarorin biyu, ya yanke cewa ba za a ambaci wani tsohon zargi ba, domin ba ya tabbatar da komai game da laifin da ake shari'arsa, sai dai ya ɓata wa mutum suna. A shekarar 2011, a wata shari'a a kotun Luton da ke Ingila, wata malamar jami'a da ke cikin masu taya alƙali ta bincika sunan wanda ake tuhuma a intanet, ta gano an taɓa zarginsa da fyaɗe, ta kuma gaya wa abokan zamanta, alhali wata kotu ta riga ta wanke shi daga wannan zargi tun a baya. Dole aka rushe shari'ar, ita kuma aka yanke mata ɗaurin wata 6 a farkon 2012 saboda raina kotu. Daga 2015 doka ta mayar da irin wannan bincike laifi mai zaman kansa a Ingila da Wales, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 2.

Malam Isiyaku ya amsa:

Barista, na gamsu da yawancin bayaninki, amma ina ganin bai kamata a ɗauki wannan doka tamkar abin da aka saukar daga sama ba. A Ingila ta ƙarnonin baya, ana zaɓo waɗannan mutane ne daga yankin da abin ya faru, domin ana ganin su ne suka san masu shari'ar da abin da ke tsakaninsu, kuma ana sa ran su zo kotu da abin da suka sani. A hankali ne tsarin ya juya, har aka kai ga cewa wanda bai san komai ba shi ake nema. Saboda haka mutane ne suka tsara, kuma ana iya sake dubawa.

Damuwata ita ce talakan da aka ba shi lauyan da aiki ya yi wa yawa, wanda bai yi tambayar da ta kamata ba. Mutum yana zaune yana kallo, ya lura da abin da lauyan ya tsallake, amma an ce ya yi shiru ya yanke hukunci a haka. Ba na cewa a sakar wa kowa mara ya yi ta bincike, amma dai a yarda cewa wannan hani yana da nasa hasarar. Ga kuma batun ko ana bin dokar ma. A 2009 a jihar Florida, bayan an shafe mako 8 ana wata shari'ar miyagun ƙwayoyi, mutum ɗaya ya amsa cewa ya yi bincike a intanet, da alƙali ya tambayi sauran sai ya tarar da ƙarin mutum takwas sun yi haka, aka watsar da shari'ar.

Alhaji Mamman ya amsa:

Malam Isiyaku, kana ɗauka cewa mai binciken zai dawo da gaskiya, kuma nan ne nake da ja. Ka dubi abin da ya faru a birnin Sydney na Ostireliya. A wata shari'ar fyaɗe, batun ko matar da aka ci wa zarafi ta iya gane fuskar wanda ya kai mata hari da daddare a wani filin shaƙatawa yana da muhimmanci. Sai biyu daga cikin masu taya alƙali suka tashi da kansu suka je filin da dare don su ga yadda hasken wurin yake. Niyyarsu ba mummuna ba ce, tabbaci suke nema. Amma wa ya san ko fitilun da suka gani su ne na daren da abin ya faru, ko sun tsaya daidai inda matar ta tsaya, ko akwai farin wata a daren farko? Babu lauyan da ya samu damar yi musu waɗannan tambayoyi. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'a, matar kuma ta ce ba za ta iya sake tsayawa ta maimaita abin da aka yi mata ba. Sai da jihar New South Wales, inda Sydney take, ta gyara doka aka yarda a yi amfani da shaidar da ta bayar tun farko. Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan bincike ita ce matar da suke ganin suna neman wa adalci.

Abdulƙadir ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, na fahimci haɗarin. To amma wanda shakka ta cika masa zuciya saboda an bar wani abu ba a bayyana ba, me doka ta ce ya yi?

Barista Halima ta amsa:

Hanya a buɗe take, sai dai ta gaban kowa ake binta. A Ingila yana iya rubuta tambayarsa a takarda a miƙa wa alƙali, shi kuma ya karanta wa lauyoyi, a duba ko za a iya amsa ta. Jihar Arizona ta Amurka ta ba da irin wannan dama tun 1995, har a rubuta tambayar da ake so a yi wa mai ba da shaida. Idan ganin wurin ya zama dole, kotu da kanta takan kwashi dukansu a kai su tare da alƙali da lauyoyin ɓangarorin biyu, kamar yadda aka yi a shari'ar O. J. Simpson, tsohon ɗan wasan Amurka da aka tuhuma da kisan kai, a Los Angeles a 1995, ta yadda kowa zai ga abu ɗaya a lokaci ɗaya. A nan na yarda da Malam Isiyaku cewa ya kamata kotuna su faɗaɗa waɗannan hanyoyi, su kuma riƙa bayyana dalilin hanin maimakon barazana kawai, domin wanda aka fahimtar ya fi wanda aka tsoratar kiyaye doka.

Idan kuma an bi duk wannan amma giɓin yana nan, cike shi ba aikin mai taya alƙali ba ne. Nauyin tabbatar da laifi yana kan masu gabatar da ƙara, kuma idan sun bar shakka mai ma'ana, abin da doka ta ce shi ne ya kaɗa ƙuri'ar cewa ba a tabbatar da laifi ba.