Musayar Waƙa: Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, ta Gombe ce ko ta Bauchi?

Ɗan Nafaɗa:
Bismillah na ɗau alƙalamina,
In yabi Zainab 'yar garina,
Mace ta farko, ku ji batuna,
Da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Zariya ta yi karatun doka,
1997 Gombe ta ɗaukaka
Ta zuwa Babbar Joji, ba shakka,
Shekara guda sai tarayya ta yi kira.

Bakatagume:
Ɗan Nafaɗa rage kururuwa,
Sunan da ta ɗauka Bulkachuwa,
Garinmu ne, Katagum mai baiwa,
Mun aura mun riƙe, je ka kai ƙara.

1987 Babbar Kotun Bauchi ta zauna,
Sannan Gombenku tana ɗakin inna,
96 Abacha ya yaye ku, ku tuna,
Yaron jiya ke yi mana gadara!

'Yar Bolari:
Allah ya ƙara basira, Ɗan Nafaɗa! Yaya Bakatagume, tsaya ka karɓi naka.

Ranar ƙarar Atiku da Buhari,
PDP ta ta da ƙura da wuri,
Wai miji sanatan APC, ta yi haƙuri
Ta janye. Ɗanku ya ja mata, ina gadara?

Malam Mai Aruli:
Ku dakata, 'ya'yana. Ɗan Nafaɗa, ɗangon ƙarshe na baitinka na farko ya fi 'yan'uwansa tsawo, numfashi na ƙarewa kafin a kai "ƙara". Kuma duk mai cusa shekara cikin ɗango, ya rera "alif ɗari tara da tamanin da bakwai" mu ji in karin zai tsaya.

Bakatagume:
Allah ya gafarta Malam, ni fa ta tamanin da bakwai na rera, ta zauna daram.

Ɗan Nafaɗa:
Malam sunan kotun ne dogo,
Ba ni na raɗa ba, ba ni da zargo,
In ka iya gajarta shi, ga fili ga allo,
Mu ga naka baitin, daina hantara.

Malam Mai Aruli:
"Zargo" kuma? Zargi muka sani. Ka karya kalma don neman ƙafiya, sannan ka haɗa "dogo" da "allo".

Baban Ummi:
Sai yanzu na samu caji, ku yi haƙuri.

2014 aka tabbatar mata da kujera,
Maris 2020 ta cika saba'in, ta yi ritaya,
Monica Dongban-Mensem ta Filato ta gada.

'Yar Bolari:
Baba wannan ai labaran rediyo ne, ina amsa-amon?

Bakatagume:
Ƙanwata Bolari na ji zafinki,
Janyewa ai ado ce ga alƙalin kirki,
Zo Bauchi ki ci masa, in sai miki,
Ki huce, gobe mu koma kan Malam da bulala da gora.

Malam Mai Aruli:
Wannan ma ya zarce.