Shin man gyaɗa ne maganin taurin sabuwar wuƙar aljihu?

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Laraba na sayi sabuwar wuƙa mai naɗewa, irin mai ƙotar ƙarfe, don aikin lambu: yankan igiya, feraye rake da auren mangwaro. To amma ta yi tauri ƙwarai. Jiya garin buɗe ta farcen babban yatsana ya tsage. Mai shagon ya ce in tsoma ta cikin man gyaɗa kwana 3, wai idan na ciro za ta saki, kuma haka iyaye suke yi tun da. Na zuba man a gwangwani amma ban saka ta ba tukuna. Me kuka gani?

Tela: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka saka. Shekara 22 ina kan keken ɗinki, kuma kekunan da aka kawo mini sun cije saboda man gyaɗa ba su ƙirguwa. Satin farko keke zai yi ta gudu, mai shi ya yi ta murna. Bayan wata biyu man ya yi danƙo kamar ƙaro, ya kama zare da ƙura, sai an kwance an wanke da kananzir. Gaɓar wuƙa ma ƙarfe ne ke goga ƙarfe. Ɗigo ɗaya na man keke ya ishe ka.

Maman Sadiq: A'a Malam Tela, ban yarda ba. Ni sana'ata ke nan, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma na tashi na ga mahaifiyata tana shafa shi a wuƙaƙen girkinta da bakin tukunyar ƙarfe. Har ta rasu, Allah ya ji ƙanta, wuƙarta ba ta yi tsatsa ba. Sannan wannan bawan Allah rake zai feraye wa yara. Man keke ake ci? Ni dai ba zan bari a yanka wa ɗana abu da wuƙar da ke warin man inji ba.

Tela: Amin. Amma Hajiya, wuƙar girki ba ta da gaɓa. Kullum ana wanke ta a sake shafawa, man ba ya samun damar tsufa. Cikin gaɓar wuƙa mai naɗewa wa zai shiga ya wanke?

Injiniya: Kowannenku ya riƙe ɓari ɗaya na gaskiya. Duk man da aka tatso daga tsiro, iska tana canja shi a hankali, ya yi wari, ya yi kauri, daga ƙarshe ya zama danƙo. Na gyaɗa ya fi na waken suya jinkirin yin haka, wannan zan ba Maman Sadiq, shi ya sa a kan ruwan wuƙar da ake gogewa kullum ba ya kawo matsala. Man keke kuwa daga ɗanyen man fetur aka tace shi, ba ya danƙo da wuri, amma ba don ciki aka yi shi ba. Akwai na tsakiya: farafin na ruwa da ake sayarwa a kemis, wanda ake sha idan ciki ya bushe. Ba launi, ba wari, ba ya lalacewa kamar man girki, kuma tunda ana shan sa, ɗan abin da zai taɓa rake ba komai ba ne.

Kawu Maƙeri: Yara, duk kun tsaya gardamar mai, ba wanda ya tambayi wuƙar me ke damun ta. Baban Khadija, ɗauko ta. Riƙe ruwanta da tsumma, ka buɗe a hankali kusa da kunnenka. Idan ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi, dattin masana'anta ne. Lokacin da ake wasa ta da goge ta, garin ƙarfe da maganin sheƙi suna shiga gaɓa, su haɗu da giris ɗin da aka sa don kada ta yi tsatsa a hanya. Idan kuma ba ƙara, tana tafiya sumul amma da nauyi, ta zo ƙarshe ta ce ƙas, to sifirin ɗin bayanta ne mai ƙarfi, wato siririn ƙarfen nan da ke danne gindin ruwan. Idan tun daga farko har ƙarshe a matse take, kuma ka ga zane a gindin ruwan, ƙusar gaɓa aka daka da yawa. Ciwo uku ne, kuma tsomawa cikin gwangwani ba ya warkar da ko ɗaya. Dattin nan ma, in ka zuba masa mai ba ka wanke ba, ka kwaɓa masa taɓo ne kawai.

Baban Khadija: Kawu, na gwada yanzu. Akwai ƙaras-ƙaras ɗin, kuma a ƙarshe tana ƙas da ƙarfi. Zane dai ban gani ba.

Kawu Maƙeri: To alhamdu lillahi, ƙusarka lafiya lau. Datti ne da sifirin. Na farko a wanke, na biyu a bar shi.

Ɗan Auta: Kawu, a yi mini afuwa, amma me ya sa za a bar shi? Mutum ya sa kuɗinsa ya sayi abu yana fasa masa farce. Ni tawa na bar ta a rabin buɗe kwana 2 don sifirin ya gaji, na kuma fesa mata man feshin nan WD-40, ta yi laushi.

Injiniya: Ƙanena, abin da ya yi maka aiki feshin ne, ba kwana biyun ba. Sifirin mai kyau ba ya gajiya don an bar shi a lanƙwashe iya inda aka tsara masa. In ma ya yi laushi ta wannan hanyar, to an wuce da shi iyakarsa ne, ya lanƙwashe ba zai dawo ba, wannan kuwa lalacewa ce. Shi WD-40, tun 1953 da aka haɗa shi a San Diego ta Amurka, don korar ruwa daga jikin ƙarfe aka yi shi, kuma yawancinsa sinadarin narkar da datti ne mai bushewa. Ya wanke maka gaɓa, shi ya sa ka ji sauƙi. Ɗan man da yake bari kaɗan ne, kuma ba abin sa wa wuƙar abinci ba ne.

Ɗan Auta: To ai Yaya sauƙin nake nema, na kuma samu.

Mahauci: Ɗan Auta, bari in faɗa maka abin da sauƙi ya jawo mini. Ina da wata mai naɗewa da nake ɗauka idan an kira ni fiɗa a gidajen mutane lokacin layya. Taurinta ya dame ni, sai na cusa bakin tsohuwar reza a gefen gaɓa na bubbuga da guduma har ta riƙa buɗuwa da yatsa ɗaya. Na ji daɗi. Ranar Sallah ina huda fata a ƙafar rago, tsinin ya daki ƙashi, ruwan ya rufo a kan yatsuna biyu. Ɗinki 5 aka yi mini, kuma har yau ɗan yatsan nan ba ya lanƙwasuwa sosai idan sanyi ya sauka. Laifina ne, ba na wuƙa ba. Irin waɗannan da ba su da makullin da ke riƙe ruwan a buɗe, ƙarfin sifirin da matsin gaɓa su ne kaɗai ke tsakanin kaifi da hannunka.

Maman Sadiq: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba.

Ɗan Maraɗi: Amin. Maganar Mahauci ta tuna mini da wuƙar Douk-Douk, wadda tsofaffinmu a nan Nijar suka sani sarai. A garin Thiers na Faransa gidan Cognet ke ƙera ta tun 1929. Da farko tsibiran Melanesiya aka nufa da ita, shi ya sa aka zana dodon can a jikin ƙotar, amma kasuwarta ba ta yi ba a can, sai ta karɓu a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta mulka. Har suka fito da wata mai suna El Baraka, wadda aka sa wa tambarin Agadez maimakon hoton dodo, saboda Musulmi. Ƙarfe guda 6 ne kacal a jikinta: ruwa, ƙota ta falle ɗaya da aka ninke, sifirin, ƙusa biyu da zoben rataya. Ba makulli. Da gangan aka yi sifirinta da ƙarfi, kuma wanda ya iya ta ba ya sa farce. Ruwan ake kamawa tsakanin babban yatsa da manuni, a ja da hannu biyu. Baban Khadija, gwada haka, taka ma mai ƙotar ƙarfe ce.

Baban Khadija: Na gwada, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ashe rabin wahalar daga riƙon ne.

Ɗan Auta: Amma ai wuƙar Okapi ma ta Turawa ce, kuma ba ta kai haka tauri ba.

Ɗan Maraɗi: Don tana da abin da ke riƙe ta. Babbar Okapi akwai zobe a bayanta, sai ka ja shi sannan ruwan ya rufu. Tun 1902 aka fara yin ta a Solingen ta Jamus, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Wuƙar da ke da makulli ba ta dogara da tauri ba. Wadda ba ta da shi, in ka cire mata taurin ka cire mata komai.

Maman Sadiq: To na ji batun sifirin. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini cewa tsomawa cikin mai ɓarna ce. Mijina yana da wata mai ƙotar itace, duk damina sai ta cije, in ya shafa mata mai sai ta yi dama-dama.

Kawu Maƙeri: Wannan ciwo na huɗu ne, Hajiya, ban ambata ba saboda tasa ta ƙarfe ce. Itace yana shan laima ya kumbura ya matse ruwan. Ki lura, hunturu na shiga za ta saki da kanta, wani lokaci har ta yi sako-sako.

Injiniya: Haka ne. Opinel ta Faransa, wadda aka fara a 1890 a yankin Savoie, an san ta da wannan halin, domin gaɓarta cikin itacen take kai tsaye. Mutanen can ba sa tsoma ta cikin komai. Ƙarshen ƙotar suke ɗan bugawa a bakin tebur, ruwan ya leƙo, su kama su ja. In ta jiƙe sai a bar ta a buɗe a wuri mai iska ta bushe. Mai yana taimaka wa itace idan an shafa masa yana busasshe, don ya rage shan ruwa. In aka sa bayan ya riga ya kumbura, laimar aka rufe a ciki.

Maman Sadiq: Wato dai kun yarda mai yana da amfani a wani wuri.

Tela: Ba wanda ya ce ba shi da amfani, Hajiya. Kwana 3 cikin gwangwani ne muka ƙi.

Baban Khadija: To da me zan wanke? Kananzir?

Kawu Maƙeri: Ni da kananzir na saba, da tsohon burushin haƙori. Yana ratsa gaɓa ya fito da baƙin nan tas. Daga baya ka bi da sabulu.

Injiniya: A nan ni da Kawu mun ɗan saɓa. Warin kananzir yana daɗewa a lungun da hannu ba ya kaiwa. Victorinox, masu jar wuƙar nan ta Suwizalan da suke aiki a garin Ibach tun 1884, shawarar da suke ba masu wuƙarsu ita ce a buɗe a rufe cikin ruwan ɗumi har ta saki, a busar, sannan a ɗiga mai kaɗan. Sai dai tasu ƙarfe marar tsatsa ne. Idan taka baƙin ƙarfe ce, kada ka bar ta da ɗigon ruwa ko na awa ɗaya. Ka karkaɗe, ka goge, ka shanya ta a buɗe a rana.

Kawu Maƙeri: Ruwa a gaɓar baƙin ƙarfe, ni dai ba na so. Na ga ƙusoshi da yawa da tsatsa ta ci daga ciki, waje kuma fes. Amma ranar garin nan tana busar da komai, in ya kula ba laifi. Abin da zan ƙara: hazo ya kusa. Mai da yawa a wuƙar da ke kwana a aljihu kiran ƙura ne, ga kuma zaren aljihun kansa. Da tsinken sakace za ka ɗauki man, ka taɓa inda gindin ruwan ke goga sifirin, ka buɗe ka rufe, ka goge duk abin da ya fito. A tsakiyar hunturu ma ni bakin fensir nake gogawa a wurin, yana sa santsi kuma ƙura ba ta manne masa.

Mahauci: Kuma in za ka yi ta buɗewa da rufewa, ka naɗe kaifin da tsumma mai kauri, ka kori yara daga wajen. Hannu yana gajiya, a nan ake yankewa.

Ɗan Maraɗi: In baƙin ƙarfe ce zai ga ta yi duhu bayan ya yanka mangwaro ko lemo. Kada ya kankare. Duhun nan ba ya cin ƙarfe, har ma yana ɗan kare shi. Ja-ja ɗin nan mai gari shi ne tsatsa, shi ake gogewa.

Baban Khadija: Jama'a, ga yadda aka yi. Bayan la'asar na wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da burushi. Ruwan farko baƙi ƙirin ya fito, sai a na uku ya yi haske. Na shanya ta a kan kwanon rufi har magariba. Na samo farafin a kemis, na sa da tsinke yadda Kawu ya ce, na zauna na buɗe na rufe wajen sau 200. Tsumman ya sake yin baƙi sau biyu. Yanzu ƙaras-ƙaras ɗin babu. Har yanzu sai da hannu biyu, kuma ƙas ɗin nan yana nan, amma farce ya huta.

Ɗan Auta: Ni dai a ganina har yanzu ta yi tauri tunda sai da hannu biyu.

Maman Sadiq: Shi ruwan wuƙar fa? Ka shafa masa man gyaɗan nan bayan kowane aiki, kada ka bar ruwan rake ya bushe a kai.

Tela: A ruwan kaɗai, Hajiya. Ya tsaya yatsa ɗaya kafin gaɓa.

Maman Sadiq: Yatsa ɗaya, na yarda. Amma ya shafa.

Kawu Maƙeri: Baban Khadija, ka yi aiki da ita wata guda a lambu. Inda ƙarfen ke goguwa zai yi sumul da kansa. In bayan haka ka ji tana matsewa, ko ka ga ruwan ya fara kaɗawa gefe da gefe, ka kawo mini maƙera ranar kasuwa in duba ƙusar. Kada ka sa mata guduma da kanka.